Gashin Idon Iya

Ban daɗe da tarewa ba aka tura maigidana aiki wani ƙauye a ƙasar Ikara. Mulkin kai bai yi nisa ba a lokacin, don har mun tarar da ragowar 'yan tutocin da aka raba wa 'yan makaranta a soke jikin danga, duk sun koɗe. Shi malamin asibiti ne, cikin waɗanda ake koya wa ba da magani da wankin ciwo a Zariya sannan a rarraba su ƙauyuka. Ni kuwa 'yar birni ce, ban san kowa a garin ba.

Abin da mutanen garin ke kira asibiti ɗaki biyu ne da rufin kwano, sai rumfa a gaba inda marasa lafiya ke jira. Gidanmu yana bayansa, katanga ce kawai tsakaninmu. A ciki akwai tebur da benci da kabad, da manyan kwalabe a jere: na tari, na zawo, na zazzaɓi, da aidin, da wani shuɗin magani da ake shafa wa gyambo. Bandeji ni nake wankewa in tafasa in shanya, a yi ta amfani da shi har ya koma zare. Akwatin magani daga birni yake zuwa a motar kasuwa. Ran da ya iso, kafin azahar labari ya kai Furana da Malikanchi, washegari rumfa ta cika maƙil, wasu a ƙafa, wasu a kan jaki. Tun wata bai raba ba ake fara ganin gindin kwalabe. Daga nan sai ruwan gishiri da ban haƙuri har wani akwatin ya zo, in ya zo.

Matan aure ba sa zama a rumfar nan cikin maza. Ta ƙofar gidana suke shigowa, su zauna a tsakar gida su faɗa mini abin da ke damunsu, ni kuma in leƙa ta 'yar ƙofar da ke jikin katanga in faɗa wa Malam, maigidan nawa, ya auno magani in kawo musu. Ba wanda ya sa ni wannan aiki, ba kuma wanda ya koya mini shi. Na dai wayi gari na ga ni ce bakinsu.

Iya ba neman magani ne ya fara kawo ta gidana ba. Ungozomar garin ce, tsohuwa doguwa mai faɗin tafin hannu, kuma kusan duk wanda ke yawo a garin nan ita ta yanke masa cibiya. Ta zo yi wa baƙuwa barka da zuwa, da ƙullin daddawa a hannu. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Na lura ba ta ɗaga kai sosai. Ta jawo bakin mayafi ta yi wa fuskarta inuwa, idanunta suna ta zubar da ruwa tana sharewa da bayan hannu. Na ɗauka hayaƙin murhuna ne, har na ba ta haƙuri.

"Ba hayaƙinki ba ne, 'yar nan," in ji ta. "Tare muke da ciwon nan tun ba a haife ki ba."

Da cikina ya tsufa an shirya zan koma gida Zariya in haihu a gaban iyayena, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Sai ruwa ya cinye hanya, mota ta daina shigowa, naƙuda kuma ba ta jira an gyara ba. Da hantsi ta kama ni ina tankaɗe. Malam, wanda yake ba gari guda magani, ya rasa inda zai sa kansa, ya tafi da ƙafarsa ya kira Iya. Ita ta riƙe ni har na sauka bayan la'asar. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta dama mini kunun kanwa, ta riƙa zuwa safe da yamma har na yi arba'in. Uwata ba ta samu zuwa ba sai bayan suna da nisa, kuma da ta ga yadda aka kula da ni, har ƙasa ta durƙusa ta yi wa Iya godiya.

Wata safiya bayan na gama wanka, Iya ta kwance bakin zanenta ta fito da matsefata, irin wadda ake cire ƙaya da ita, ta miƙo mini.

"Idonki garau yake, hannunki kuma ba ya rawa. Taimake ni."

Ban gane ba sai da ta kwanta a kan tabarma ta ɗora kai a cinyata, ta ce in ɗaga fatar idon in duba. Na ɗaga. Cikin fatar ya yi ja, da wani farin tabo a kwance, bakin fatar kuma ya tamuke ya lanƙwashe ciki. Gashin idon, maimakon ya kalli waje, ƙwayar idon yake kallo. Duk ƙiftawar da za ta yi sai ya goge ta. Na yi tunanin sau nawa mutum yake ƙifta ido daga safe zuwa dare.

Ta ce da 'yarta ce ke cire mata, to an kai ta aure can wajen Taba. Matar ɗanta ta gwada, amma tsoro take ji, sai ta tsinke gashin a tsakiya ta bar guntu, guntun kuma ya fi suka.

Na fara cirewa ɗaya bayan ɗaya. Gajeru ne masu tauri. Ina ganin yatsun ƙafarta suna danƙewa. Da na gama ta tashi zaune, ta ƙifta ido a hankali, ta sake ƙiftawa.

"Alhamdu lillahi. Kamar an kwashe mini yashi."

Na yi murna ran nan, na ɗauka na yi mata magani. Ba a jima ba ta dawo. Sun sake tsirowa.

Na faɗa wa Malam. Ya shigo gida ya gaishe ta, ya nemi izini ya duba idon a bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kawo wani ɗan man ido da ya rage a kabad, ya nuna mini yadda zan riƙa sa mata. Bayan ta tafi na tambaye shi ko man zai warkar da ita.

"Zai rage mata raɗaɗi," ya ce. "Da tun tana yarinya aka samu, da ya kashe ciwon. Yanzu fatar ta riga ta lanƙwashe. Sai aiki."

"Babban aiki ne?"

"Ƙarami ne. Na ga an yi lokacin da muke koyo, ni na riƙe tiren kayan. A kashe wurin da allura, a tsaga fatar kaɗan, a juyo bakinta waje a ɗinke. Kafin ki gama dafa tuwo an gama."

Ni ce na kai wa Iya wannan magana, da farin ciki na kai ta. Washegari sai ga ta tun da sassafe, ta yi wanka ta sa zanen fita. Ba ta zauna a inda ta saba ba, ta tsaya a bakin 'yar ƙofar katanga ta ce in kira mata Malam.

"Ɗan nan, an ce ka ga yadda ake yi."

"Na gani, Iya."

"To ga ni."

Malam ya durƙusa a gabanta. Ya ce gani daban, yi daban. Ya ce ba shi da allurar kashe zafi, ba shi da irin zaren, ba shi da wuƙar, kuma ba a ba irinsu izinin yanka ba.

"Zafi ba komai ba ne," in ji ta. "Na haihu tara, ban yi kuka ba. Aska kuwa ina da ita, sabuwa. In ido ya lalace ba laifinka, zan faɗa a gaban mai gari da liman."

"Iya, ki yafe ni. In hannuna ya goce, ganin da ya rage miki ma na raba ki da shi. Ba zan iya ba."

Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce Allah ya yi masa albarka, ta juya ta zo ta kwanta a tabarma ta miƙo mini matsefata.

Ran nan na yi fushi da Malam. Da ya shigo cin abinci na ce masa matar da ta tsaya a kaina ran da babu kowa nawa, ita ce zai ce wa ba zai iya ba? Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in je in buɗe kabad in ga abin da ke ciki. Na san abin da ke ciki, ni nake goge shi. Almakashi ne guda, shi ake yanka bandeji da shi, shi ake yanka takarda.

Aka tsayar da magana za a kai ta Zariya in an gama girbi. Ɗanta manomi ne, mutum mai shiru, shi kaɗai ne namiji a gidan. Bayan an shigo da dawa ya ɗauke ta suka shiga motar kasuwa. Mata suka yi mata rakiya har bakin hanya, ni ma Malam ya bar ni na fita. Iya ba ta taɓa shiga mota ba, sai da aka ɗaga ta aka zaunar a kan buhu. Tana ta dariya tana cewa kowa ta riƙe cikinta kada ta haihu sai ta dawo.

Bayan 'yan kwanaki suka dawo. Tun daga yadda ta shigo da mayafi a kan fuska na san ba a yi ba.

"Mun ga birni," ta ce da ta zauna. "Mun ga asibiti, ya fi garin nan girma. Mutane kamar ranar kasuwa. Muka yi ta bin layi, a ce mu koma can, can kuma a ce mu dawo gobe. Da muka kai ga wani mai farar riga, ya ce mai yin aikin ido ya koma ƙasarsu, ba a kawo wani ba tukuna. Ya ce mu wuce Kano."

"Me ya hana ku wucewa, Iya?"

"Wa muka sani a Kano? A Zariya ma a zauren wani bawan Allah muka kwana. Guzuri ya ƙare, ga yaron nan ya bar mata da tsohon ciki, ga dabbobi. Na ce masa mu koma, Allah ya kai mu baɗi."

A ranin nan ne wasu 'yan siyasa suka zo garin da mota mai lasifika. Daga tsakar gidana muna jin komai. Mai maganar ya ce yanzu ƙasa tamu ce, lafiya haƙƙin kowane talaka ce, za a gina asibiti a kowane gari, da likita da gado. Iya tana kwance a cinyata, na ɗaga mata fatar ido.

"Me ya ce, 'yar nan? Haƙƙi?"

"Haka ya ce, Iya."

"To in mutum yana son nasa, wurin wa zai je?"

Ba gatse take yi ba, tambaya take da gaske, tana jiran in faɗa mata. Na ce ban sani ba. Da yamma na tambayi Malam, shi ma bai sani ba.

Gab da faɗuwar damina aka aiko cewa likita zai zo rangadi. Malam ya sa aka yi wa asibiti farar ƙasa, ya ware waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfinsa ya ce su zo da wuri: mai ƙaba, mai tarin da ya ƙi jin magani, wata mai kumburin ƙafa, da Iya. Ita tsohuwa ce, don haka ta zauna a rumfa, a ƙarshen benci, ta ba rana baya. Tun hantsi suke zaune, motar ba ta iso ba sai bayan la'asar, hadari ya riga ya haɗo daga gabas.

Ta 'yar ƙofar katanga na leƙa. Likitan saurayi ne, ɗan ƙasa, da ganinsa a gajiye yake. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya duba Iya da 'yar fitila, ya rufe mata ido ɗaya ya ɗaga yatsu ya ce ta faɗi nawa ne, ya rufe ɗayan ya sake. Suka yi magana da Malam cikin Turanci. Direba yana ta duban sama yana cewa in ruwa ya sauko rafi zai tare su. Likitan ya dafa kafaɗar Iya ya ce sannu, ya shiga mota.

"Me ya ce?" na tambayi Malam.

"Ya ce na hagu ya riga ya tafi. Na dama in an yi da wuri za a cece shi. Ya iya aikin, amma bai zo da kaya ba, dubawa kawai aka aiko shi. Ya ce zai yi magana a can."

Ko ya yi maganar ko bai yi ba, ban sani ba. Ruwa ya sauko, hanya ta yanke, kowa ya shiga gona. Akwatin magani ma sai da ya yi fashi, man idon ya ƙare, na tsaga bututun na lakato abin da ya manne a ciki har ba sauran komai.

Cikin daminar nan wata maƙwabciyarmu ta kama naƙuda da rana tsaka. Iya ta aiko a roƙi Malam ya bar ni in je. Da na shiga ɗakin na gane dalili. Duk abin da hannu ke yi ta yi shi daidai, ta shafa ciki, ta gyara wa mai naƙuda durƙuso, ta karɓi jariri. Amma tana ta tambayata a hankali, yadda sauran matan ba za su ji ba: jinin da yawa ne? Launin yaron fa? Da aka zo yanke cibiya ta lalubo ta da yatsu, ta auna, ta ɗauki aska. Na ga ta kai fuskarta kusa har hancinta ya kusa taɓa cikin jaririn. Ta tsaya haka. Sannan ta ɗago ta miƙa askar ga wata dattijuwa da ke gefe.

"Karɓi, yanke nan, tsakanin yatsuna."

Ba ta ƙara riƙe aska ba daga ranar. Ana kiranta dai, don girmamawa, ta zauna a bakin ƙofa tana faɗin abin da za a yi. Sannu a hankali kiran ma ya ragu.

Kafin kaka wani farin abu kamar hazo ya rufe baƙin idon dama. Ta fara zuwa gidana da sanda, tana bin katanga da hannu. Ɗanta ya zo ya sami Malam ya ce ya shirya, a wannan karon har Kano zai kai ta. Malam ya duba idon, ya ja shi gefe ya faɗa masa gaskiya, cewa ko an gyara fatar yanzu ganin ba zai dawo ba. Mutumin ya tsaya a rumfa ya daɗe yana murza hularsa. Malam ya ce duk da haka aikin zai raba ta da suka, in da hali a je. Da aka faɗa wa Iya ta ce a'a. Ta ce ba za ta sa yaro ya bar gida ya yi ta jan makauniya a garin da ba su san kowa ba, tunda ba gani za ta yi ba.

Wannan shi ne abin da ban zata ba. Na ɗauka in ido ya mutu ya huta. Ashe gani ne kawai ya tafi, ciwon yana nan. Gashin bai fasa tsirowa ba, bai fasa suka ba. Na ci gaba da cire mata kamar da. A da in na gama takan ƙifta ido ta dubi bishiyar da ke tsakar gida ta ce ta ga ganye. Yanzu sai ta ce Allah ya biya, ta nemi a miƙo mata ɗana ta shafa kansa ta ce ya yi nauyi.

Muna cikin haka aka ɗauke Malam aka mayar da shi wani gari a ƙasar Makarfi. Ba a tambaye mu ba, an dai ce ranar kaza mota za ta zo. A 'yan kwanakin da suka rage na zaunar da matar ɗanta na nuna mata yadda ake kama gashin daga tushe a ja shi miƙe, ba a karkace ba. Ta yi ƙoƙari. Tana yi tana kuka, Iya na ce mata ba komai, ci gaba.

Ran tafiya Iya ta zo tun kafin a fara ɗaure kaya. Ta zauna a kan turmi tana sauraron yadda ake fitar da komai. Da na durƙusa yi mata sallama ta lalubo fuskata da hannu biyu.

"Ki gaida uwarki. In kin sake samun ciki kada ki riƙa ɗaga tulu, bayanki ba shi da ƙarfi."

Na ce zan zo in gan ta. Da gaske nake, amma ban samu zuwa ba. Haihuwa ta yi ta zuwa, aka yi ta ɗauke mu daga wannan gari zuwa wancan, kuma mace ba ta tashi haka kawai ta ce za ta ƙauyen da ba danginta.

Bayan wasu shekaru na haɗu da wata mata 'yar garin a gidan suna. Ta ce wanda ya canji Malam gwauro ne, ba mace a gidan, don haka matan aure sun daina zuwa asibiti sai in ciwo ya kai su ƙasa. Na tambaye ta Iya. Ta ce ai Iya ta rasu, bara waccan, cikin azumi. Ta ce ta daɗe ba ta fita, kullum tana ɗaki ta ɗaure fuskarta da ƙyalle mai ruwa.

Da na koma gida na tarar da Malam ya taso daga aiki yana wanke hannu a bakin rariya. Na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya ci gaba da cuɗa hannunsa da sabulu har ruwan butar ya ƙare. Na ɗebo masa wani.